Bin Sawun Malaman Gona a Ƙauyukan Jos

Wanda ya taso daga Zariya zai je Jos, ta Pambeguwa da Saminaka zai bi, kuma ba sai an gaya masa ya kusa ba. Da an wuce Jingir hanya takan fara hawa, kunnuwa su ɗan toshe, fasinjan da ya dame mu tun daga tasha a sauke gilashi shi ne na farkon cewa a ɗaga. Garin yana bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga teku, ni kuwa a watan Disamba na je, lokacin da ruwan alwalar asuba sai an ɗora shi a wuta.

Zumunci ne ya kai ni. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana zaune a Bukuru, inda haƙar kuza ta ajiye iyayensu tun zamanin Turawa, yadda ta ajiye Hausawa da yawa a Dorowa da Bisichi da Barikin Ladi. A aikin malamin gona ya yi ritaya, amma ritayar ta takarda ce. Har yau in wani yaronsa da ke cikin aiki zai fita ƙauye, sai ya biyo ta gida. Na tarar suna da fita washegari, Kawu bai ma tambaye ni ko ina da sha'awa ba. "Ka dai zo da rigar sanyi ko?" Gayyatar ke nan.

A cikin tsohuwar fijonsa ya ba ni tarihin aikin, yana tuƙi yana nuna gonaki da haɓa. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya sa kuɗi aka buɗe shirye-shiryen raya aikin gona a Funtuwa da Gusau da Gwambe, garin Lafiya ya biyo baya, lokacin yana cikin jihar Filato. A 1987 aka kafa na jihar baki ɗaya, PADP, mai hedikwata a Dogon Dutse cikin Jos. Tsarin nasu horo da ziyara ne. Duk mako biyu a tara malaman gona a koya musu abin da ya dace da lokacin, shuka ce ko sa taki ko girbi, su kuma su watsu cikin karkara, kowane ƙauye da ranarsa.

"Manomi ya san ran Talata zan zo, ko ana ruwan ƙanƙara," in ji Kawu. "Babur sabo, mai a tanki, alawus na zuwa. In ban zo ba mai unguwa zai aiko a ji ko lafiya."

Da kuɗin Bankin ya ƙare a shekarun 1990, aikin ya yi sanyi a duk jihohin ƙasar nan. Tsofaffi suka yi ta ritaya, ɗaukar sababbi ta ragu, ƙauyuka suka yi wa waɗanda suka rage yawa. Yaron nasa, wanda zan riƙa kira Malam tunda haka manoma ke kiransa, yana gabanmu a kan babur, ya ɗaure buhu biyu a baya.

Daga Mararrabar Jama'a muka ɗauki hanyar Barikin Ladi, muka wuce filin jirgin sama na Heipang, sannan muka saki kwalta. Ƙasar nan ta sha haƙa. Ko'ina tulin jar ƙasa ne da manyan ramuka cike da ruwa, abin da kamfanonin kuza suka tafi suka bari, musamman bayan kasuwarta ta karye a duniya a 1985. Ramukan suna cin shanu, wani lokaci har da yara, amma da su ake noman rani. Ta kowane gefe ƙugin injin ban-ruwa kake ji, mesa ta miƙe zuwa fangulan kabeji da karas da latas da koren wake. Gidajen Birom na can nesa, kewaye da shingen kerana.

A inuwar bishiyoyin turare aka taru. Akwai Birom, akwai Hausawa, ga wasu Fulani da suka zauna can gefe da sandunansu. Da Hausa aka yi komai, yadda aka saba a Filato. Wani dattijo ya buɗe taro da addu'a cikin sunan Yesu, wani kuma ya yi fatiha, sannan Malam ya kwance buhunansa ya zazzage dankalin turawa kashi biyu a ƙasa.

"In kun yi tono, wanne kuke kaiwa kasuwa?"

Aka nuna manyan.

"Wanne kuke ajiyewa iri?"

Aka yi dariya, don kowa ya san amsar. Manya na kasuwannin Maikatako ne da Farin Gada, ƙananan da dillali ya raina su ke komawa ƙasa. Malam ya ɗauki ɗaya ya ce da yawan ƙananan nan uwarsu ce ba ta da lafiya. Akwai cututtukan da darɓa ke ɗauka daga wannan shuka zuwa waccan, ganye ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare, cutar kuma ta sauka cikin 'ya'yan. Wanda ya tsince ƙanana ya ajiye, masu cutar ya zaɓa da hannunsa. Shi ya sa irin da ya ba ka mamaki bana, in ya shekara uku huɗu a hannunka sai ka ce ya gaji.

Maganin da ya kawo ba na saye ba ne. In dankali ya kusa fure, ka zaga gonarka da 'yan sanduna. Duk shukar da ka ga ta fi kyau, ganyenta a buɗe, maƙwabtanta ma lafiya lau, ka soka mata sanda. Bayan mako biyu ka sake zagayawa, wadda ta canza ka zare tata. Ran girbi su za ka fara tonawa, ka zaɓi matsakaita, ka baje su a ɗaki mai iska da haske, ban da rana kai tsaye, don tsiron ya fito gajere kakkaura.

Amma ba bakin Malam ne ya ci taron ba. Wani tsoho mai hular sanyi har kunne ya miƙe ya ce shi ya soka sanduna a noman ranin bara, da damina kuma ya raba gonarsa biyu, gefe guda irin da ya zaɓa, gefe guda wanda ya saba. Bai tsaya dogon bayani ba, don wasu daga cikin masu zaman da su aka yi tonon, su suka ɗora buhunan kowane ɓangare a mota. Kawu ya raɗa mini, "Ka ga tsohon nan? Ya fi mu goma." Gani ya kori ji.

Daga nan zance ya koma kan abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya, cutar damina mai ƙone ganyen dankali. Sanyi da hazo da yayyafin Yuli da Agusta take so, Filato kuwa ba ta rasa ko ɗaya. A 2014 ta yi mummunar ɓarna a yankin Bokkos da maƙwabta, tun daga nan kusan kowace damina sai ta leƙo. Gona kore shar, cikin mako guda ta koma baƙa, har da wari. Malam ya nanata cewa maganin feshin nan mancozeb kariya ne, a kan lafiyayyen ganye ake fesa shi kafin cuta ta sauka, in ruwa ya wanke a sake. Wanda ya jira sai ya ga baƙin tabo ya game gona, kuɗinsa ya zubar. Ya ce a shuka da ruwan farko, a tara ƙasa sosai a gindin shuka, a yanke ganye mako biyu kafin tono. Ya kuma ba da labarin sababbin iri huɗu da aka fitar a 2023, Unica da Juriya da Babban da Kyau, aikin masu binciken dankali da ke da tasha a Kuru, waɗanda ke jure cutar fiye da Nicola da Marabel da aka saba.

"To Malam, a ina za mu samu? Kuma nawa buhu?" wata mata mai goyo ta tambaya.

Malam ya ce zai bincika ya kawo amsa, ya rubuta a littafinsa. A nan na fara raba koyarwar gida biyu: akwai wadda manomi zai aikata gobe da abin da ke hannunsa, akwai wadda sai ya sa hannu a aljihu. Ta farkon takan zauna da gindinta. Ta biyun yawanci a "Allah ya ba mu iko" take tsayawa.

A hanyar komawa mota muka ci karo da wani saurayi yana feshin kabeji, daga shi sai singileti da gajeren wando, ba takalmi. Injin feshin yana ɗiga masa a baya, iska kuma tana maido masa da maganin a fuska. Kawu ya tsaya cak.

"Sannu da aiki, samari. Yaushe za a yanka kabejin?"

"Jibi, Baba. Mota za ta zo."

Kawu ya karɓi kwalbar ya juya ta. Ya nuna masa layin launin da ke ƙasan takardar: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, ko ba ka iya karatu ba idonka zai gaya maka. Ya nuna masa inda aka rubuta kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi. Yaron ya saurara da ladabi har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, in dillali ya ga huji ɗaya a ganye, rabin kuɗi zai taya." Kawu ya miƙa masa kwalbarsa. Mu ne masu saye a Sabon Garin Zariya, mu ke juya kabeji muna ajiye wanda tsutsa ta taɓa, muna neman mai sheƙi.

Da dare, kan gwaten acca mai zafi da Inna, matar Kawu, ta yi da yakuwa da gauta, Kawu ya ce kada in ɗauka kullum malami ne ke koyarwa. Tokar bola da masu lambun bakin kogin Dilimi ke haɗawa da kashin kaji da ɗan takin zamani, ba daga ofis ta fito ba. Manoma ne suka gano ƙasar kuza mai tsami tana sonta. Nasu dai su yi ta roƙo a tsince batura da robobi kafin a ƙona.

Wata rana muka zaga ta Vom. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan tun 1924, bushiya ce ta sa aka kafa ta, cutar shanun da sai a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Abin da ya kai mu ƙarami ne: riga-kafin cutar kajin nan ta hunturu, wadda likitoci ke kira Newcastle, mai share akurki cikin 'yan kwanaki. Cibiyar tana yin wani nau'i, I-2, wanda ke jure zafi fiye da sauran, shi ya sa ya dace da ƙauyen da ba firij. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta ba ta kwana, don haka sai unguwa ta haɗa kai: a hana kaji fita da safe, mace ɗaya da aka koya wa ta bi gida-gida, a ba ta abin da ya sawwaƙa a kan kowace kaza. Muka ratsa ta Chaha, ƙauyen sitiroberi, muka sayi roba guda mai ɗan tsami. 'Yan Abuja da Legas ne ke rububinsa.

Wajen sha'anin lafiya kuwa, Inna ce ta shige mini gaba. A wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ne, ranar awo da riga-kafi. Ni na zauna a baranda tare da mai gadi, ina ji ina hangowa ta taga. Ma'aikaciyar, wadda suke kira Sista, ta fi Malam iya riƙe taro. Da waƙa da tafi ta fara. Sannan ta ɗauko wani siririn tef mai launi uku ta naɗa a damtsen wani yaro. In ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai babban asibiti. Rawaya, zuwa 12.5, gargaɗi ne. Kore, a ci gaba da abin da ake yi. Ta ba iyaye mata suka gwada da kansu, ɗaya bayan ɗaya, har sai da kowace ta gane tsakiyar damtse.

Kunun ma a gabansu aka dama shi. Gero da waken suya da gyaɗa, kowanne an soya shi daban, an niƙa tare. Wasu suka ce su acca ko tamba suke sawa maimakon gero, tunda su ƙasar ke bayarwa, Sista ta ce ya yi. Sai wata tsohuwa ta kawo maganar dakashi, ta ce su a zamaninsu matse shi ake yi a zubar, kuma ga su sun rayu har sun ga jikoki. Sista ba ta ƙaryata ta ba.

"Mama, in saniya ta haihu, makiyayi yana hana ɗan maraƙi nonon farko?"

Wata Bafillatana ta ce ko kusa, wanda bai sha ba ba ya ƙarko. Aka yi shewa, tsohuwar ma ta yi dariya ta gyara ɗankwali. Daga nan aka wuce kan nono zalla har wata shida, ba ruwa ba ɗauri, da yadda ake juye ƙunshin ORS guda, wato haɗin gishiri da sukari, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa in yaro na gudawa, a haɗa masa da ƙwayar zinc kwana goma. A bayan asibitin ga buhuna jere cike da ƙasa da taki, an huda gefunansu, alayyafo da ugu da yakuwa sun fito, ga zogale a jikin shinge, ga dankalin Hausa mai ciki ruwan lemo, wanda ke da bitamin A. Duk matar da ta zo awo tana iya yankar reshe ta tafi da shi.

Malam ma ya zo, don kaka ce, ajiyar wake kuwa maganar kowa ce. Ya kawo buhun nan mai riɓi uku, PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ya tara iska a ledar ya matse don a ga ko da huji, ya zuba busasshen wake, ya danne iskar ta fita, ya ƙulle kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba a sa magani ko ɗigo ba, sharaɗin kawai kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, kuma a tsare shi daga ɓera. Sista ta karɓe da abin da take gani in an zuba Sniper ko fiya-fiya a wake: amai, gudawa, dalalar miyau, gida guda a kwanta. Sinadarin da ke ciki, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. A takarda noma da ma'aikatarsa, lafiya da tata, kowa da kasafinsa. A ƙauye kuwa mace ɗaya ce ke noman, ita ke ajiyar, ita ke dafawa, ita ke goya yaron zuwa asibiti.

Mai gadin da muka zauna tare shi ya ba ni labarin da ya fi tsaya mini a rai. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wata doguwar sanda mai fenti kala-kala, fentin duk ya koɗe. Shekara da shekaru shi ne mai raba magani na ƙauyensu. Taron gari aka yi a ƙofar mai unguwa aka ce shi, albashi babu, sai na gode da ɗan abin da mutane suka ga dama. Sau ɗaya a shekara zai ɗauki sandar da rajista da robar ƙwayar maganin Mectizan ya bi gidaje. Ba a buƙatar sikeli, tsayi ake aunawa. Wanda bai kai santimita 90 ba ba a ba shi, mai ciki ma haka. Daga nan ƙwaya ɗaya, biyu, uku, har huɗu ga wanda ya wuce 158. A gabansa za ka haɗiye.

"In na ba ka ka tafi da shi, a ƙarƙashin tabarma zai ƙare."

Da farko, in ji shi, wasu suka yi ƙaiƙayi da kumburi, sai zance ya watsu wai maganin hana haihuwa ne. Shi ya fara haɗiye nasa a dandali, ya ba 'ya'yansa, matarsa kuma ta ci gaba da haihuwa kowa yana gani. Wannan aikin, da Cibiyar Carter mai ofis a Jos ta yi tare da ma'aikatun lafiya, ya game ƙananan hukumomi 30 na Filato da Nasarawa. A 2017 aka sanar jihohin biyu sun katse yaɗuwar tundurmi, ciwon da sauro ke yaɗawa mai kumbura ƙafa da kawo gwaiwa. A 2018 aka dakatar da raba maganin makantar da baƙin ƙudan bakin rafi ke jawowa, don an daina samun masu kamuwa. Kafin su an yi kurkunu: sama da mutum 650,000 aka ƙirga a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida a 2013. Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato, ya taka ƙauyuka da ƙafarsa a wannan yaƙin.

Tun daga barandar nan nake ta juya abin. Malam yana da ilimi, amma baƙo ne, ya zo ya tafi. Duk abin da na ga ya zauna, sandunan tsohon nan ne, ko ɗigon idon kaji, ko sandar mai gadi, a hannun ɗan gari yake, wanda gobe za a gan shi a masallaci ko majami'a ko gidan biki, a tare shi in abu bai yi ba. Gaskiya dai aikin mai gadi ya fi sauƙi. Maganin kyauta kamfanin Merck ke bayarwa tun 1987, saƙon kuma ɗaya ne kowace shekara. Noma kuwa kowane mako da matsalarsa, iri da taki kuma ba mai ba ka.

Akwai kuma irin koyarwar da ban ga amfaninta ba. Wata ƙungiya ta gayyaci Kawu taron bita a wani otal cikin Jos, na raka shi. Riguna da huluna, majigi, jawabin babban baƙo, shinkafa a fakiti, sai layin karɓar kuɗin mota. Da yawan waɗanda aka rubuta a matsayin manoma hannunsu ya fi nawa laushi. Illar ba a otal ta tsaya ba. Malam ya ce yanzu akwai ƙauyukan da in ya kira taro, tambayar farko ita ce, "Akwai ɗan abin nan?"

Kawu yana yawan kawo misalin Amurka, don wasu daga cikin malaman da suka koyar da shi a Samaru can suka yi karatu, lokacin da Jami'ar Jihar Kansas ke taimaka wa ABU a shekarun 1960. Can tun 1914 doka ta rataya aikin a wuyan jami'o'in noma na jihohi, gwamnatin tarayya da jiha da gunduma kowa na zuba nasa. Kusan kowace gunduma da ofishinta, inda ake koyar da noma da lambun gida da abinci mai gina jiki, ga ƙungiyar yara ta 4-H. Shi abin da ke burge shi, aikin ya haura shekara ɗari bai taɓa tsayawa don wani mai tallafi ya naɗe tabarmarsa ba.

Sai kuma abin da ba wanda ya so ya faɗa da ƙarfi. Tun rikicin Satumbar 2001 zama ya rarrabu a Jos, hare-haren 2023 a Mangu da Bokkos kuma sun tashi ƙauyuka a tsakiyar ƙasar dankali. Akwai wuraren da Malam ba ya shiga saboda sunansa, sai ya aika abokin aikinsa, shi ma abokin akwai inda sai Malam. Taron da na gani a bakin ramin kuza, da addu'a biyu, ba ko'ina ake samunsa ba. Kawu ya ce da can, bayan girbi, manomi ne ke roƙon Bafillace ya sauke garke a gonarsa don taki, har ya haɗa masa da hatsi. Yanzu kashin kaji ake saye a buhu daga gidajen kiwon kaji na Jos.

Ran Juma'a muka gangara Mangu, ranar kasuwa. Masara ce ta cika ko'ina, manyan motoci sun jeru ana lodi. Bayan an sauko daga masallaci Kawu ya ja ni layin masu maganin feshi. Rumfa bayan rumfa, kwalabe a rana, wasu an juye su cikin robar ruwa ko takarda babu. Wani manomi ya zo da ganyen tumatir a leda, duk an rarake cikinsa, aikin tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Yaron rumfar, da ƙyar in ya kai ashirin, ya kalli ganyen ya sauko da kwalba uku, ya ce a haɗa su duka a injin feshi ɗaya, a ƙara murfi guda kan abin da aka rubuta don ya yi ƙarfi. Kawu ya sa tabarau ya karanta. Biyu daga ciki sinadari ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Ya sa aka mayar da ɗaya, aka maida wa manomin canjinsa.

"Ɗana, wa ya koya maka wannan aikin?"

"Maigidana, Baba."

"Shi kuma fa?"

Yaron ya yi dariya ya sosa ƙeya. Malam ya ce mini manoman da yaron nan ke ba shawara a ranar kasuwa ɗaya sun fi waɗanda shi yake gani a wata. Kawu ya tambaye shi ko zai zo in an kira masu rumfuna a zauna da su kan karanta takardar magani.

"In maigida ya bar ni zan zo, Baba. Amma ban da Juma'a."

Malam ya karɓi lambar wayarsa. Kafin mu bar rumfar wani ya iso da ganyen kabeji a hannu, yaron ya juya wajensa.